Shirwa a sama, tunku a ƙasa: yadda ake kare kajin gida masu yawo da rana

Kaza ta kwanta kwana 21 ta fito da 'yan tsaki goma sha biyu, bayan wata biyu a ƙirga a tarar saura huɗu. Gidaje da yawa sun saba da wannan lissafi har sun daina ganinsa asara. Cuta da sanyi suna cin nasu rabon, amma kaso mai tsoka da rana tsaka yake tafiya, mutane na zaune a tsakar gida: inuwa ta gilma, uwar kaza ta daka tsalle tana kyarkyara, shi ke nan an rage ɗaya. Akurki mai ƙofa ya isa maganin dare. Rana ce mai wuya, domin kazar Hausa a yawo take samun abincinta, ranar da aka kulle ta kuwa ciyarwa ta dawo wuyan mai ita.

A fara gane ɓarawon

Kafin a sayi waya ko ƙusa, a duba abin da aka bari a wurin. Kowane maɓarnaci da irin aikinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Ɗan tsako ya ɓace ba gashi ba jini, uwar ta firgita, sauran sun maƙale ƙarƙashin rumbu: shirwa ce. Ana gane ta a sama da jelarta mai baki biyu da yadda take shawagi ba ta cika kaɗa fiffike ba. In za ta ɗauki tsako ba ta sauka ƙasa. Saro wa take yi, ta sura da ƙafa, ta wuce, kuma abin da ya fi ɗan tsako ko ƙaramar sagara nauyi ya fi ƙarfinta. Shaho daban ne. Akwai mai laɓewa cikin ganyen darbejiya ko mangwaro yana jira, akwai mai faɗowa daga sama kamar jifa, kuma babbansu yana iya kashe sagarar da ta tasa. Shaidarsa tulin gashin da aka fige wuri ɗaya, da gawa an cinye ƙirjinta.

Kaji uku ko huɗu a warwatse, an ciji gadon baya, an yayyaga amma ba a ci ba: kare ne. Cizo a wuya ko a ƙeya, an ja gawar zuwa gindin danga ko bakin wani rami, ga ɓawon ƙwai a fashe: tunku. Muzuru 'yan tsaki yake bi, yakan bar fiffike da ƙafafu a bayan ɗaki. Ƙwai da aka huda ta gefe aka shanye, hankaka ne, shi ma yana ɗaukar tsakon kwana biyu ko uku in uwar ta yi nisa. Ƙwai ya ɓace ɗungurungum ba ɓawo, a zargi maciji, ko damo, ko guza in gidan yana kusa da fadama. Idan kuwa dakwalwa mafi ƙiba ce ta ɓace, ba gashi, ba a ji ko kyarkyara ba, ga sallah ta matso, to wannan mai ƙafa biyu ne kuma yana sa riga.

In alamun sun rikice, a share gindin danga da bakin kwata, a barbaɗa toka ko tankaɗaɗɗen yashi da sassafe, a dawo da la'asar a karanta sawu.

Makonni shida na farko

Nan ne kusan dukkan asarar take, nan kuma ya kamata kuɗi da wahala su tafi. Hausawa sun riga sun faɗa, kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa. Babbar kaza lafiyayya ba kasafai ake ɗaukar ta daga sama ba. Tsakon da bai yi gashi ba kuwa ba ya gudu, ba ya tashi, ga kukansa yana tallar inda yake. Mai kaji ashirin ba ya buƙatar rufe su duka. Uwa da 'ya'yanta kaɗai za a tsare, har su yi mako 6, lokacin da gashi ya rufe su kuma suka iya arcewa.

Kife su da kwando, kamar yadda aka saba, yana aiki na kwana huɗu ko biyar. Bayan nan wuri ya yi musu kaɗan, kashi ya taru, uwa ta fara tattake su. Abin da ya fi shi ne kejin da ba shi da gindi, wanda mutum biyu za su ɗaga su matsar: tsawo ƙafa 5, faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 2. Wannan ya ishi uwa da 'yan tsaki 10 zuwa 12.

Kayan aikinsa katakon da kafintoci ke kira tu-bai-tu guda 4 masu ƙafa 12, wayar raga mai faɗin ƙafa 3 yadi 7, ƙananan ƙusoshi, faifan kwano ko buhu na rufin rabi, da sakata. Gora ko sandunan darbejiya suna maye gurbin katako. Wajen sayen waya a nemi mai idon rabin inci. Mai inci ɗaya ta fi araha, amma tsakon kwana uku yana zura kai ya maƙale ko ya fice gaba ɗaya, muzuru kuma yana zura hannu ya fizgo. In akwai hali, wayar da aka yi wa walda mai ido murabba'i ta fi ta murɗe ƙwari nesa ba kusa ba, domin ta murɗen kare yana yaga ta da haƙori.

Ga dabarar da ta sa aka ce waya mai ƙafa 3 alhali tsayin kejin ƙafa 2 ne: kada a yanke rarar ƙafa ɗayan. A lanƙwasa ta waje ta kwanta a ƙasa, a tsaga ta a kusurwoyi, a danne da duwatsu. Kare ko tunku in zai yi tono, a jikin bango yake farawa, sai ya ci karo da waya ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ba ya tunanin ja da baya ya faro daga nesa. Saman kejin ma a sa masa waya duka, sannan a ɗora rufi a rabi. In kwano ne, a shimfiɗa masa kara ko zana, don kwano tsirara a bazara gasa su zai yi. Gefen da iskar hunturu ke bugowa a rataya buhu.

A riƙa matsar da kejin kullum zuwa sabon wuri, inuwa-inuwa, ba kan danshi ba. Wanda ya bar shi wuri ɗaya mako guda ya tsere wa shirwa ya faɗa wa zawon jini, ana wata ga wata. Da magariba a mayar da su akurki.

Tsarewa ba ta yiwuwa sai da abinci, kuma a nan yawancin masu gwadawa ke karaya. Dusa zalla ba ta raya tsako. In ba za a sayi abincin buhu na 'yan tsaki ba, a haɗa awo 6 na ɓarzajjen masara ko dawa, awo 3 na dakakken ƙuli-ƙuli ko waken suya, awo 1 na dusa, da ɗan garin ƙonannen ƙashi. Waken suya sai an soya shi ya yi ƙamshi kafin a niƙa, ɗanyensa yana hana tsako girma. Ƙuli-ƙulin ya zama marar yaji, wanda bai yi hunhuna ba. Uwa da 'ya'ya goma suna cin wajen gwangwanin madara 2 a rana a makon farko, ya hau zuwa 4 ko 5 a mako na shida. Jimilla a tanadi kilo 12 zuwa 14. Gara tana rage wannan nauyi sosai: a cusa karmami da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kan hanyar gara da yamma, da safe a zazzage musu. Ruwan sha a kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su jiƙe ko su nutse.

Ranar saki kada a buɗe a tafi kasuwa. A fara da awa ɗaya ko biyu da la'asar, da mutum a wurin, a ƙara a hankali cikin mako guda. Kejin kuma a bar shi a ɗage kan bulo, domin nan suka sani, nan za su ruga in abu ya taso.

Maɓoya kusa da kusa

Kaza tana ganin shirwa tun daga nesa. Abin da ke kashe ta shi ne nisan da ke tsakaninta da wurin fakewa. Shi ya sa ɓarnar sama ta fi yawa bayan kaka: an girbe, an kwashe kara, an ƙone ciyawa, fili ya zama fetal. Da damina shuka da ciyawa suna rufe su, sai dai a lokacin na ƙasa ne ke samun hanya.

Ƙa'idar ita ce, duk inda kaji ke kiwo, kada ya wuce taku 8 zuwa 10 ba su sami abin shiga ƙarƙashinsa ba. Ba sai an kashe kuɗi ba. 'Yar rumfa mai tsayin ƙafa ɗaya da rabi, ƙafafu huɗu da zana a kai, ta wadatar. Haka tsohuwar ƙofa a kan bulo huɗu, amalanken da ba a aiki da shi, damman kara da aka jingina suka yi bukka, ko rassan ƙaya da aka tara aka bar musu ƙofa ta ƙasa. Rumbun da aka ɗora kan duwatsu tun asali mafakar kaji ne, kada a cushe ƙarƙashinsa da tarkace. A kiyaye abu biyu: maɓoyar ta zama gajera, don doguwar rumfa shaho yana kutsawa ta gefe, kuma ta zama da mafita aƙalla biyu, don mai ƙofa ɗaya tarko ce ranar da kare ya zo.

Shuka ma tana yi. Kabewa ko soso a kan 'yar rumfa, rogo, lalle, ayaba a inda ruwan wanke-wanke ke bi. Zogale in an bar shi ya miƙe ba ya rufe komai, sai an riƙa sare kansa ya yi rassa ƙasa-ƙasa. Amma duhuwa a tsakiyar fili ake son ta. A jikin danga a bar faɗin taku biyu a share tas, domin tunku da maciji ba sa son ratsa sarari, ciyawar gindin danga ce hanyarsu.

Kaskon ruwa da wurin watsa hatsi su kasance a ƙarƙashin rufi. Kaza in ta duƙa ci ko sha hankalinta ya bar sama, kuma duk wanda ke watsa tsaba a tsakiyar fili kullum a lokaci guda, shirwa yake koya wa lokacin cin abinci.

Igiya da raga

Buɗin fikafikan shirwa ya haura ƙafa 4, kuma tana buƙatar hanyar shiga da ta fita a buɗe. A tsakar gida mai katanga wannan rauninta ne. A kafa ƙusoshi a kan katanga ko a sanduna, a ja igiyar leda ko zaren kamun kifi daga wannan gefe zuwa wancan, layi-layi, tazarar ƙafa ɗaya, a tsayin ƙafa 7 don kada ta kama wuyan mutum ko tulun da ke kai. A ƙulla 'yan tsummoki jefi-jefi don a gan ta. Igiyar da ta saki ta yi ciki ba ta da amfani, a riƙa ɗaure ta, kuma a sani rana tana cin igiyar leda, shekara guda ta fara tsinkewa.

Igiya ba ta hana hankaka, wanda zai sauka kan katanga ya diro ya tako da ƙafa, haka ƙaramin shaho yana ratsa ta. Inda su ne matsalar sai raga sosai, mai idon inci 2, ko tsohuwar komar masunta. Tsohon gidan sauro yana rufe ɗan ƙaramin wuri na wucin gadi in an wanke shi, amma rana tana ruɓar da shi cikin 'yan watanni, yana tara ƙura da iska, muzuru kuma da farce ɗaya yake farke shi. Wanda ya mutu ake nufi, ba a cire na kan gadon yara a ba kaji.

Itacen da shaho ya mayar wurin zama, wanda za a ga farin kashi da gashi a gindinsa, a sassabe rassansa na ƙasa da busassun da ke leƙen fili, a kuma ɗauke kaskon kaji daga kusa da shi. Abin lura ne: itace mai duhu yana kare kaji daga shirwa, shi ne kuma yake ɓoye shaho.

Na ƙasa

Darni da zana suna tare ido ne kawai. Kare yana kutsawa, tunku ko ɓata lokaci ba ya yi. Inda babu katangar ƙasa ko ta bulo, a bi gindin dangar da waya mai tsayin ƙafa 3, da irin lanƙwasar nan ta ƙafa ɗaya a waje. Ko gidan mai katanga ne, a duba kwata da ƙasan ƙofa. Ramin da yatsu uku suka shiga ya ishi tunku da maciji, a toshe bakin kwata da waya a bar ruwa ya wuce. Tarin itacen girki, tsofaffin bulo, da suri da ya mutu a bayan gida duk masauki ne, a nisanta su ko a baje.

Ƙwai shi ke kiran tunku, damo, maciji da hankaka. Kazar da ke zuwa saƙo tana yin ƙwai a ɓoye ita ce ke nuna musu hanyar gida. A tanadi wurin ƙwai a cikin akurki, tsohuwar tukunya ko kwando da ɗan yayi, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, a riƙa kwashewa da hantsi da la'asar, a bar ɗaya da aka yi wa alama da gawayi don kada ta sauya wuri.

Game da fige fiffike: mutane suna yanke wa kaza dogayen gashin fiffike ɗaya don kada ta haura katanga. In cikin gida mai kariya take, daidai ne. In waje take kiwo, an raba ta da abin da take tsere wa kare da shi ke nan, domin kazar Hausa tsalle ɗaya take yi ta hau danga.

Karen maƙwabci da ya ɗanɗana kaza zai dawo. Wannan magana ce ta zama da mai shi, in ta ƙi a je wurin mai unguwa, ya fi a wayi gari ana rigimar gawar kare.

Masu gadi da lokacin saki

Kada a yanke zakaru duka da sallah. Babban zakara yana cin abinci kansa a ɗage, kuma kukan da yake yi wa abin sama daban yake da na abin ƙasa: in na sama ne kaji su nutse ƙarƙashin abu su yi tsit, in na ƙasa ne su miƙe wuya su hau sama suna kyarkyara. Mai gida ma in ya saba zai bambance tun daga ɗaki. Zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10 ya isa. In sun yi yawa, faɗa da bin kaji zai ɗauke musu hankali. Zabi sun fi zakara ido da baki, ba baƙon abin da zai gilma ba su tashi unguwa ba, sai dai suna da nisan kiwo kuma sukan ja kaji zuwa jeji. Waɗanda kaza ta ƙyanƙyashe ta raina sun fi zama kusa da gida.

Shirwa tana tashi ne in rana ta ɗaga, iska mai zafi ta fara ɗaukarta, daga hantsi zuwa la'asar. Shaho ya fi kai hari da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana. A lura kwana uku a ga lokacin da na unguwar ke zuwa, a daidaita saki da lokacin da mutane ke tsakar gida. A saba musu da kira iri ɗaya, ko kaɗa hatsi a gwangwani, da ɗan tsaba a ƙarshensa. Cikin mako guda za su riƙa rugowa, sai ya zama ko yaro yana iya tattara su cikin minti biyu.

Akwai ranakun da ba a sakin ƙanana ko kaɗan: ranar da ake ƙona daji ko gona kusa, domin shirwa tana bin hayaƙi tana kama abin da wuta ta koro; da kwanakin layya, da duk ranar da aka yi yanka a gida. Kayan ciki, jini da gashi a binne su da zurfi, kada a watsa a juji. Gidan da ke kusa da mahauta ko kasuwa ya ɗauka kullum ranar yanka ce, ya yi raga tun farko.

Mutum-mutumi, madubi, faifan sidi da ledoji masu ƙyalli suna aiki kwana kaɗan, daga nan tsuntsu ya gane ba komai. In za a sa su, a riƙa sauya musu wuri duk bayan kwana biyu ko uku. Shafa wa 'yan tsaki shuɗin maganin ciwo, jibi, dabara ce da ake yi a ƙasashen Afirka da dama, wai don tsuntsu ya kasa gane su. Ba ta da tsada, amma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Wanda zai gwada ya shafa da auduga a gadon baya kawai, kada ya tsoma su, ya kauce wa ido, ya yi da dare don kada uwar ta ƙi su.

Bayan an kai hari

Abin da ya ci ya ji daɗi gobe zai dawo, sau da yawa a daidai wannan lokacin. A tsare kajin kwana 4 zuwa 7, a ciyar da su a ciki, a gyara inda aka shigo kafin a sake saki. A bincika saƙo-saƙo kafin a yanke ƙauna, tsakon da ya tsorata yakan lafe awa biyu bai motsa ba.

Wadda aka raunata a ware ta, domin 'yan'uwanta in sun ga ja sai sun tsattsage ta. A ɗaga gashi a duba ƙarƙashin fiffike da gadon baya, raunin farce ƙarami ne a ido amma yana da zurfi. A wanke da tafasasshen ruwa rabin lita da ya huce, wanda aka sa wa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a shafa aidin ko jibi, a ajiye ta inda ƙuda ba zai kai gare ta ba, don a lokacin zafi kwana ɗaya ya isa ciwo ya yi tsutsa. A duba sau biyu a rana. Cizon kare da ya huda ciki ba ya warkewa a gida.

Abin da ba a yi shi ne zuba fiya-fiya ko maganin ɓera a gawar tsako a ajiye wa shirwa. Wadda aka nufa ba lalle ta ci ba. Karen maƙwabta, kyanwar gida da ke kama ɓeraye, kajin kansu in sun tsattsagi gawar, da yaron da ke rarrafe, duk suna kan hanya. Ungulu ma haka take mutuwa, ga shi ta riga ta yi ƙaranci a garuruwanmu har masu kula da halittu na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa tun 2015. Ko an dace an kashe shirwar, ɓeraye da fara da mushen da take kwashewa suna nan, kuma kafin mako ya zagayo wata ta gaji sararin.